Tambaya kan wani asibiti da aka yashe a Ingila, wanda asalinsa gidan aikin matalauta ne

Rakiya, Bukoki, Yamai

Assalamu alaikum. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Yamai, kuma bara Allah ya nufa na samu horo kan kula da tsofaffi a wani gari da ke tsakiyar Ingila. A bayan asibitin da muke zuwa akwai wasu tsofaffin gine-gine na jan bulo da aka kewaye da waya, aka toshe tagoginsu na ƙasa da katako. Wata abokiyar aiki ta nemo mana izini, mai gadi ya ba mu hular kwano da takunkumi, ya zagaya da mu sashen da bai yi mugun lalacewa ba.

Abin da na gani kashi biyu ne waɗanda ba su yi kama da juna ba. Ta baya akwai dogayen ɗakunan kwanciya masu manyan tagogi da ke fuskantar juna, har yanzu ga ƙarafan labule a rataye, ga bututun iskar oksijin a bango, sai dai fenti ya ɓare kuma kashin tattabara ya rufe daɓe. Wannan na gane shi, domin asibiti ne kamar kowane. Ginin gaba shi ne ya ɗaure mini kai. Yana da wani ɗaki a tsakiya mai tagogi ta kowace fuska, kowace taga tana kallon farfajiya dabam, kuma tsakanin farfajiya da farfajiya akwai katangar da ta fi tsayin mutum. Kusa da ƙofar shiga kuma akwai jerin ƙananan ɗakuna waɗanda da ƙyar gado ɗaya zai shiga, kowanne yana da wani ɗan lungu a ƙarshe, da taga mai ragar ƙarfe mai kauri wadda ramukanta ba su wuce a zura yatsu biyu ko uku ba.

Mai gadin ya ce wurin gidan aikin matalauta ne kafin ya zama asibiti, ya kuma ce kakarsa ta ƙi yarda a kwantar da ita a nan har ta rasu, alhali a lokacin asibitin gwamnati ne da kowa ke zuwa. Ina roƙon masana tarihi da likitocin da ke wannan zaure su fayyace mini yadda gini mai siffar kurkuku ya koma asibiti, da abin da tsohuwar take tsoro, da dalilin da ya sa ƙasa mai arziki ta bar irin wannan gini yana ruɓewa.

Malam Isufu, Wadata, Yamai

Wa alaikumus salam, ƴata Rakiya. Na koyar da tarihi a lise har na yi ritaya, kuma abin da kika kwatanta ya yi daidai da gidajen da aka gina bayan dokar matalauta ta 1834. Kafin wannan doka, tun 1601, a ƙarshen zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko, kowace gundumar coci ce ke ɗaukar nauyin matalautanta: tana karɓar haraji daga masu gidaje da gonaki, tana ba mabuƙata kuɗi ko burodi suna zaune a ɗakunansu. Da kuɗin ya kai wajen fam miliyan 7 a shekara a farkon shekarun 1830, sai masu biyan haraji suka fara kukan cewa taimakon ne ke koya wa talaka lalaci. Aka kafa kwamitin bincike a 1832, Edwin Chadwick da Nassau Senior suka rubuta rahotonsa, kuma daga nan aka haɗa gundumomi wajen 15,000 zuwa ƙungiyoyi wajen 600, kowace ƙungiya da gidanta, ƙarƙashin wakilan da masu biyan haraji suka zaɓa.

Ƙa'idar da aka kafa gidajen a kanta ita ce mabuɗin duk abin da kika gani. An ce mai ƙarfin aiki da ya nemi taimako kada a ba shi a gida, sai ya shigo da iyalinsa duka, kuma wajibi ne zaman gidan ya fi rayuwar leburan da ya fi kowa talauci a waje ɗaci, ta yadda ba mai shigowa sai wanda hanya ta ƙare masa. Matsalar ita ce leburan waje ya riga ya kai maƙura a talauci, ba yadda za a rage abinci ƙasa da nasa ba tare da an kashe mutane ba. Saboda haka sai aka nemi ɗacin ta wata hanya, wato ta raba iyali, da tsare mutum, da kunyata shi. Ranar shiga ake karɓe tufafinsa a ba shi na gidan, a kai miji ɓangaren maza, mata ɓangaren mata, yara ɓangarensu, tsofaffi nasu. Katangun da kika gani aikinsu ke nan, ɗakin tsakiya kuwa na shugaban gidan ne, domin ya tsaya wuri ɗaya yana ganin kowace farfajiya. Wani mai zanen gini, Sampson Kempthorne, shi ya fitar da irin wannan tsari a 1835, wasu a siffar gicciye, wasu mai rassa uku, aka yi ta kwafa a faɗin ƙasar.

Ƙananan ɗakunan da ke bakin ƙofa na matafiya marasa matsuguni ne, masu yawo daga gari zuwa gari neman aiki. Ana yi musu wanka, a turara tufafinsu da farar wuta, a ba su burodi da tsinkakken kunu, da safe kuma a zuba musu duwatsu a wannan lungu su farfasa da guduma. Ragar ƙarfen ma'auni ce: sai dutse ya yi ƙanƙantar da zai fita ta ramin ake lissafa shi, kuma tsakuwar da ta taru a waje sayar da ita ake yi wa masu gyaran hanya. Mazauna gidan na dindindin kuwa ana sa su tsefe tsofaffin igiyoyin jirgin ruwa masu kwalta da yatsu, ko su daka ƙasusuwan dabbobi don yin taki. An hana dakan ƙashi bayan abin kunyar garin Andover a 1845, inda bincike ya nuna yunwa ta kai mazauna gidan ga faɗa da juna kan ɓargo da ruɓaɓɓen naman da ke jikin ƙasusuwan, kuma wannan ne ya jawo aka rushe hukumar da ke kula da dokar a 1847 aka kafa wata.

Wanda ke son ganin irin wannan gida ba tare da ya taka ruɓaɓɓen katako ba, akwai na Southwell a yankin Nottingham, wanda aka gina a 1824, tun kafin dokar, kuma yanzu an gyara shi an buɗe wa maziyarta.

Dokta Amadu, Tawa

Malam ya gama da ginin gaba, bari in ɗauki ɓangaren asibitin, tunda ya shafi sana'ata da ta Malama Rakiya. Waɗanda suka tsara dokar 1834 ƙato mai ƙin aiki suke hange, amma ba shi ne ya cika gidajen ba. Mai ƙarfi yakan gwammace ya kwana da yunwa ko ya yi ƙaura da ya shiga. Waɗanda suka shigo su ne waɗanda tsoratarwa ba ta da amfani a kansu: tsohon da ƙarfinsa ya ƙare, mai tarin fuka, mai shanyewar jiki, mai taɓin hankali, yarinyar da ta yi ciki ba aure aka kore ta daga aikatau, da marayu. Manyan asibitocin sa-kai na lokacin sukan ƙi karɓar mai cutar da ba ta warkewa ko mai cuta mai yaɗuwa, gidan aikin matalauta kuwa ba shi da ikon mayar da wanda ya rasa komai. Ta haka gidan ya zama asibiti a aikace tun kafin a amince da haka, ba tare da kayan aiki ko ma'aikata ba. Masu jinya su ne matan gidan da suka ɗan fi sauran ƙarfi, da yawa ba su iya karanta rubutun da ke jikin kwalbar magani ba, kuma wani lokaci da giya ake biyansu.

Misalin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na Dokta Joseph Rogers, wanda aka naɗa likitan gidan da ke titin Cleveland a Landan a 1856, a kan albashin fam 50 a shekara, kuma daga wannan albashi ne zai sayi maganin marasa lafiyar. Duk wanda ya taɓa aiki a wurin da kantin magani ya ƙare zai fahimci irin jarrabawar da aka ɗora masa, domin kowace ƙwaya da ya rubuta daga tukunyar gidansa take fita. A ƙarshen 1864 wani mutum mai suna Timothy Daly ya mutu da gyambon kwanciya bayan an yi sakaci da shi a gidan matalauta na Holborn a Landan, jaridu suka ɗauka, shahararriyar ma'aikaciyar jinya Florence Nightingale ta shiga maganar, mujallar likitoci ta Lancet kuma ta aika masu bincike gidajen Landan a 1865. A wannan shekarar ce Agnes Jones ta isa babban gidan Liverpool da ma'aikatan jinya 12 waɗanda aka horar a makarantar Nightingale, da kuɗin wani attajiri, William Rathbone. Ta gyara abubuwa da yawa, amma zazzaɓin taifus ya kashe ta a 1868 tana da shekara 35.

Dokar 1867 ta wajabta wa Landan raba marasa lafiya da sauran matalauta a gine-gine na dabam, sauran garuruwa kuma suka bi a hankali. Dogayen ɗakunan da kika gani daga nan suka samo asali. A lokacin ana ganin gurɓatacciyar iska ce ke kawo cuta, shi ya sa aka sa tagogi suna fuskantar juna, gado ɗaya tsakanin taga da taga, makewayi kuma a can ƙarshe bayan wani ɗan lungu mai iska. Dalilin da suka bayar bai cika daidai ba, amma ga mai tarin fuka tsarin ya yi amfani, kuma ni a ganina ya fi wasu sababbin ɗakunan da ake gina mana a ƙasa mai zafi da ƴan tagogi, ana dogaro da na'urar sanyaya ɗaki da wutar da ba ta tsayawa. A 1897 aka hana sa mazauna gidan aikin jinya. A ranar 1 ga Afrilu 1930 aka rushe kwamitocin wakilan, gidajen suka koma hannun ƙananan hukumomi, sannan a ranar 5 ga Yuli 1948 hukumar lafiya ta ƙasa ta fara aiki ta gaji da yawa daga cikinsu. Asibitin St James na Leeds da babban asibitin birnin Nottingham duk daga irin wannan gida suka tsiro.

Game da tsohuwar, tsoronta yana da tushe. Har zuwa 1885 wanda ya karɓi ko da magani ne daga asusun matalauta yana rasa ƙuri'arsa. Dokar 1832 ta ba da damar miƙa gawar da ba a zo nema ba ga makarantun likitanci a feɗe ta, kuma gawawwakin gidajen nan ne suka fi faɗawa hannu. Wanda aka binne da kuɗin gunduma yakan shiga kabarin haɗaka marar alama. Abin kunyar ya kai ga cewa daga 1904 aka ba da umarnin a daina rubuta sunan gidan a takardar haihuwar yaran da aka haifa a ciki, a sa lambar titi kawai. Bayan 1948 kuma, sassan da aka fi mayarwa wurin ajiye tsofaffi masu doguwar jinya su ne waɗannan tsofaffin gine-gine, don haka mutumin da ya ga an shigar da kakansa ta wannan ƙofa bai fito ba, da aka zo kai shi, ƙofar da ya sani ce aka nufa da shi, ko da an sauya allon da ke samanta.

Injiniya Sani, Harobanda, Yamai

Hajiya Rakiya, kun yi daidai da kuka nemi izini, kuma ina so masu karatu su lura da wannan, domin hotunan irin waɗannan wurare da ke yawo a intanet suna sa matasa sha'awar tsallaka katanga. Babban haɗarin ba ya ganuwa. Asibitocin da aka yi wa gyara a tsakiyar ƙarni na 20 cike suke da asbesto, wani ma'adini mai zare-zare da ba ya cin wuta, a naɗin bututun ruwan zafi, da silin, da tayil ɗin daɓe, kuma Birtaniya ba ta haramta shi gaba ɗaya ba sai a 1999. Muddin yana zaune lafiya bai cika cutarwa ba, amma da ɓarayin tagulla sun fizge bututu sai ƙurarsa ta tashi, kuma cutar dajin da take haddasawa a rufin huhu takan ɗauki shekaru 20 zuwa 40 ko fiye kafin ta bayyana. Takunkumin asibiti na yau da kullum ba ya tare ta. Bayan wannan akwai katakon bene, wanda ke ruɓewa daga ƙasa idan an sace darmar rufi ruwa ya shiga, samansa kuwa yana nan kamar lafiya lau.

Dalilin barin ginin kuwa lissafin kuɗi ne. Dogon ɗaki mai gado wajen 30 bai dace da aikin asibitin yau ba, ɗumama shi da hunturu yana cin kuɗi, kuma tun shekarun 1980 manufar gwamnati ta koma kula da tsofaffi a gidajensu ko a ƙananan gidajen kulawa. Sai a sayar da filin ga masu gina gidajen haya, amma idan an sa ginin cikin jerin kayan tarihi ba a rushe shi sai da izini na musamman, gyaransa kuma ya fi sabon gini tsada, sai a yi ta jan ƙafa shekara da shekaru. Gidan titin Cleveland da Dokta ya ambata ya yi aiki a matsayin sashen asibiti har 2005, aka so rushe shi, masu kishin tarihi suka tashi, aka ba shi kariya a 2011.

Abdul-Aziz, Talaje, Yamai

Ina neman afuwar manya, amma ni wani abu na hango dabam. Duk wanda ya tsaya a fitilar hanya a Yamai ya san yadda bara ta yi yawa, kuma mun ji kunya a 2022 da aka kwaso ƴan ƙasarmu masu bara daga Dakar a jirgi. Idan aka cire muguntar da Malam ya faɗa, shin gida irin wannan, inda za a ba mutum abinci da makwanci ya yi aiki a madadinsu, ba zai yi mana amfani ba?

Hajiya Zainabu, Lazare, Yamai

Ɗana Abdul-Aziz, ni ba ni da ilimin Malam, amma ina budurwa lokacin farin 1973 da 1974, kuma unguwar nan da nake zaune a yau sansani ce a lokacin. Makiyayan da dabbobinsu suka ƙare, da yawa Buzaye, wasu ma daga Mali, aka tara su a nan bayan gari cikin bukkoki da tantuna, ana raba musu hatsin agaji a layi. Na ga dattijon da a da yake da garke ya tsaya riƙe da kwano ya ja rawaninsa har ido don kada a gane shi. Waɗannan ba ragwaye ba ne, kuma da ruwa ya sauka waɗanda suka iya komawa sun koma. Yanzu gidaje da shaguna sun cika wurin, jikokina kuma da na ba su labari suna zaton tatsuniya nake yi.

Malam Isufu, Wadata, Yamai

Abdul-Aziz, tambayarka a kan hanya take, kuma irinta aka yi a 1832. Amsar da Ingila ta samu ita ce ba a iya cire muguntar, domin ita ce injin tsarin: idan gidan ya yi daɗin zama jama'a za su cika shi kuɗi ya ƙaru, idan ya yi ɗaci kuma ɗacin yana sauka kan tsoho da marar lafiya da yaro, waɗanda ba don su aka yi shi ba. Aikin da ake yi a ciki bai taɓa biyan kuɗin gidan ba, kuma tsare iyali guda ya fi ba su ɗan taimako a ɗakinsu tsada, shi ya sa har ƙarshen ƙarni na 19 mafi yawan masu karɓar taimako a waje suke karɓa, duk da abin da dokar ta nufa. Faransa, wadda muka gaji dokokinmu daga gare ta, ta riga Ingila gwadawa: a 1656 Sarki Louis na 14 ya kafa hukumar tsare mabarata a Paris, aka zuba mata a Salpêtrière, maza a Bicêtre, Napoleon kuma ya sake umartar kafa wuraren tsare mabarata a 1808. Su ma tsofaffi da marasa lafiya ne suka cika su, kuma Salpêtrière da Bicêtre a yau manyan asibitoci ne da wasu likitocinmu suka yi karatu a cikinsu. A nan kuwa Nasara bai gina mana irin waɗannan gidaje ba. Aikin tilas ya ɗora wa masu ƙarfi har zuwa dokar 1946 da ta soke shi, nauyin gajiyayyu kuma ya bar wa dangi da zakka.

Ƴata Rakiya, idan kina son bin diddigin gidan da kika ziyarta, rajistar shiga da fita da ta haihuwa da mutuwa yawanci tana ofishin adana takardun tarihi na yankin, wasiƙun da wakilan suka yi da hukumar Landan kuma suna babban ma'ajin ƙasa da ke Kew, sai dai takardun marasa lafiya akan rufe su har shekara 100. Hajiya Zainabu kuma, idan kin amince, akwai ɗalibai a sashen tarihi na Jami'ar Abdu Mumuni da ke neman irin shaidarki, kuma zan iya turo miki ɗaya daga cikin waɗanda na koyar da na'urar ɗaukar murya, ranar da kika ga ta yi miki.